Hannun Aro

Shekara ashirin da uku ina gindin bedin nan,
daura da ƙofar gidan waya.
Teburina ƙafa uku da rabi, dutse ke cike rabin,
bik biyu, kwalin takarda, tambur a gwangwanin tumatir.
Duk wanda bakinsa ke da magana, hannunsa babu,
wurina yake zuwa aron hannu.

Na rubuta wa tsohon soja kukan fansho sau goma sha ɗaya.
Na nema wa baduku rumfa a Kasuwar Dole.
Na aika "muna nan lafiya" zuwa Agadas, zuwa Sabha,
uwar da ke faɗa tana share ido da bakin mayafi.
Kowa ya karɓi takardarsa, ya aje dala arba'in, ya wuce.
Ciwon ne ba mai ɗauka.
Nan ake bar mini shi, kamar canjin da aka manta.

Daga yatsan tsakiya ya taso,
inda bik ya haƙa wa kansa gurbi,
kanta ta fito kamar ƙwayar gujiya.
Ya bi tsintsiyar hannu, ya ya da zango a gwiwa,
ya kwana a kafaɗa,
da asuba na tarar ya kafa gida a wuya.
Yanzu in an kira ni ta hagu, da dukan jiki nake waiwaye,
sallamar salla ma sai na lallashi wuyana.

Mato wanzami ya kafa mini ƙaho huɗu a gadon baya,
ya nuna baƙin jini a kasko, ya ce, "Ga tawadarka."
Kwana biyar na samu.
Ran na shida ciwo ya dawo, har da ƙanensa.

Wata malamar asibiti, sa'ar ɗiyata,
ta dubi riƙon da nake wa bik, ta ce,
"Baba, ba gudu zai yi ba, sassauta masa."
Ta naɗe shi da ƙyalle har ya yi kaurin kara.
Ta ce in sa wa tebur bulo, in daina yi wa takarda ruku'u,
kuma duk wasiƙa uku in miƙe,
in je in gaida mai shayi, ko ban da abin faɗa.

Matata Gaji, suna ne kawai, ba hali ba,
a garin da ake auna ruwa kamar mai,
takan ɓoye mini rabin buta daga na ga-ruwa,
ta ɗumama, ta jefa gishiri,
in tsoma hannu har yatsu su tuna su biyar ne.
Sai man kaɗe, babban yatsanta na bin jijiya
kamar mai tsince tsakuwa cikin wake.
Ko baƙi ɗaya ba ta sani ba, amma bayana take karantawa:
"Yau na kotu ka yi, ga shi nan ya ƙulle."

Babban maganin kuwa ba a saye.
La'asar sakaliya, in na tattara komatsai,
nakan hau duwatsun Birni.
Akwai wani fa mai doro, rana ta wuni tana gasa shi.
In kwantar da baya a kai,
ɗumi ya riƙa shiga ƙashi sannu-sannu,
in buɗe tafin hannu sama, wayam, ba saƙon kowa.
Ƙadangare a gefe yana ta gyaɗa kai
kamar shi ma yana da ƙara.
Ba yau ba, malam, an tashi.

Wannan kaɗai na rubuta ba wanda ya aiko ni,
ba tambur, ba dala arba'in.
Akwai saura a bakina,
amma ga yatsan tsakiya ya fara gunaguni.
Bari in je in gaida mai shayi.